Ranar Da Aka Kai Ni Daji Askin Jariri

Cikin duk askin da na yi a duniya, akwai guda ɗaya da ko na tsufa tukuf ba zai fita daga raina ba.

Ni wanzami ne, gado na yi. Wata safiya na rataya zabirata na nufi wani suna a bayan Gwashi, sai ga 'yan bindiga a kan babura sun tare ni. Ni da ake wa kallon mai baki a majalisa, ranar ko sallama ta gagare ni. Ɗayansu ya leƙa zabirar ya ce, "Kai aw wanzamin? Hau, maigida ad da suna."

Muka yi ta keta daji har sansaninsu. Maigidan nan da jin sunansa ke sa a watse daga kasuwa, ashe wani siririn mutum ne, ko ƙibata bai kai ba. Amma bindigar da ke kafaɗarsa ba siririya ba ce. Aka miƙo mini jaririn. Uban ya tsaya a kaina ya ce, "In nig ga jini ga kainai, sai nig ga naka."

Wallahi na ji tsoro. Kan jariri ɗan kwana bakwai laushi gare shi kamar gwanda. Na jiƙa gashin, na sake jiƙawa, na wasa aska, na sake wasawa, duk don in ja lokaci.

Sai wata tsohuwa ta fito daga bukka. Ta dube ni, ta dubi mutumin, ta ce, "Kai, hita ka ba mutane wuri! Wa ka aski da bindiga bisa kai? So kakai ya yanke min jika?"

Ya ce, "Inna, ai tsaro nikai."

"Tahi ka tsare tunkiya."

Na sunkuyar da kai don kada a ga fuskata. Mutumin nan ya juya sumui-sumui ya koma gindin wata kirya. Tsohuwar ta zauna ta riƙe mini jaririn, na yi bisimilla na aske shi tas, ko ƙwarzane babu. Shi kuwa gogan barcinsa ya sha, sai da na gama ya tsula mini fitsari a riga.

Da za a mayar da ni, ta biyo ni kamar za ta ba ni goro. Ta rage murya ta ce, "Wanzami, kai kas sa mishi hannu hwarko. Ka roƙa mishi Allah kar shi gaji ubanshi."

Da can, in na tashi tsine wa 'yan bindiga, har zuriyarsu nake haɗawa. Ranar na koyi cewa a cikin dajin ma akwai masu kuka da abin da muke kuka da shi. Uban har gobe ban yafe masa ba. Yaron kuwa, kullum yana cikin addu'ata.