Injin da Ya Ci Gambar Baffa

Da ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Asabar, a tsakiyar damina, injina ya fara bin hagu.

Injin yankan ciyawa ne da na haɗa a shekarata ta ƙarshe a jami'a. Shi ne aikin da zan kare a gaban malamai, in bai yi ba kuwa sai in maimaita shekara. Gida biyu gare shi. Na gaba yana ɗauke da batir da 'yar na'urar da ke ba shi umarni, na baya kuma da wuƙar yanka. A tsakiya akwai gaɓa mai ƙusa ɗaya, a nan yake lanƙwasa idan zai yi kwana. Ba a tura shi, da kansa yake tafiya. Abin da aka ce in nuna bai taka kara ya karya ba: ya miƙe a kan ciyawa daga wannan turke zuwa wancan, ya juyo, ya dawo daf da layin da ya yanke.

An yi hutu an rufe ɗakin aiki da ɗakunan kwana, kuma satin da za a koma shi ne satin da za a kira mu. Sai na raba injin gida biyu, na loda shi a adaidaita sahu daga Rijiyar Zaki zuwa ƙauyenmu, na sake haɗa shi a zauren Baba.

Akwai wani siririn wuri a gefen gonar Baba da ya bari don amalanke ya riƙa wucewa. Nan na kai shi. Ya tashi lafiya, ciyawa tana zuba a bayansa, har na ji Baba ya ce masha Allah. Can sai hancinsa ya soma karkata, kaɗan-kaɗan, kamar jakin da ya tuna gida. Na je danna masa tsayawa a wayata, cikin gaggawa na danna wani wuri daban. Kafin in kai gare shi ya shiga gambar iyaka ya aske ta ƙasa-ƙasa, wajen tsawon tabarma biyu.

Gambar nan kakanmu ne ya dasa ta ranar da ya raba gonar tsakanin Baba da yayansa, Baffa. Ba mai taɓa ta sai ta bushe, sannan gida biyun su yanka tare su raba don zana. Wanda ya sare ta tana ɗanya, kowa ya san abin da ake cewa yana nema: cin iyaka.

Baffa ya taho daga cikin dawarsa da fartanya a kafaɗa. Bai dube ni ba.

"Yau kuma inji aka kawo wa iyakar?" ya ce da Baba.

"Yaya, kuskure ne na yarinya."

"Kuskuren nan dai ya san hanya. Ga dawarka a dama bai shiga ba, sai hagu."

Baba ya juya wurin injin, muka raba shi biyu. Shi ya ɗauki gidan baya, ni na rungumi na gaba, muka taho. Sai a ƙofar zaure ya yi magana, murya ƙasa.

"Kada ya sake taka gona."

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi.

Daga ranar tsakar gida ta zama wurin aikina. Na ɗora injin a kan bulo, tayoyi a sama, na ja zare daga tayar gaba zuwa ta baya don in ga ko sun yi layi. Na tarar ƙusar tsakiya tana ɗan wasa a raminta, na yanko gwangwanin madara na naɗe ta har ta kama. Na tarar kuma abin da ke auna lanƙwasar gaɓar ya goce lokacin da na sake haɗawa, wato injin yana ɗan karkace amma shi a ganinsa a miƙe yake. Na daidaita shi. Tayar hagu ta baya ma ta fi 'yar'uwarta laushi, na kai wa mai faci ya ƙara mata iska. Kowanne cikinsu zai iya zama dalili, zai kuma iya zama wani abin da ban gani ba.

Kaka, mahaifiyar su Baba, tana zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓare gyaɗa tana kallona. Ita ta raɗa wa injin suna.

"Bahago ya tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Kaka."

"Ke da kika ce shi yake tuƙa kansa, ki tambaye shi mana me ya ajiye a gonar Baffanki. Ko budurwa ya gani?"

Ina sauke shi ƙasa sai ya miƙe sarai daga bakin rijiya zuwa gindin rumbu. Amma ai tun kafin in taɓa shi haka yake yi a tsakar gida. Wurin gajere ne, kuma shararre. Karkatar ba ta bayyana sai ya yi nisa, wuƙa tana jan ciyawa a bayansa. Ba ni da yadda zan san ko na gyara sai na samu doguwar ciyawa a shimfiɗe.

Na fara yawon nema da hijabina, kamar mai cigiya. Filin firamare malamai sun shuka gyaɗa har gindin tagogi. Gefen kwalta kuɓewa ce da yakuwa. Filayen da mutanen birni suka saya ta wajen Ungogo, waɗanda aka kafa wa bulo a kusurwa, masu jiran su sun zuba wake. Inda ake buga ƙwallo ƙasa ce tsirara da kududdufai. Hanyoyin da ke ratsa gonaki kuwa, mutum biyu ba sa jerawa. Na girma a garin nan ban taɓa lura ba cewa babu taƙi ɗaya da ba shi da mai shi.

Na kira malamin da ke duba aikina. Na daɗe ina shirya abin da zan ce, da ya ɗauka sai duk ya watse.

"Kina ƙauye kina ce mini ba ciyawa?" ya ce yana dariya. "Ki gwada, ki turo mini bidiyo."

"To, Malam," na ce.

Saura filin idi. Shi kaɗai ne garma ba ta taɓa shiga ba, shimfiɗaɗɗe, ciyawarsa har ƙauri. Nakan bi ta gefensa in tsaya ina kallo. Baba ba zai je roƙo ba alhali maganar gamba tana yawo a majalisa, ni kuma ko gaisuwa ce a gaban manya da ƙyar nake yin ta. Kaka ce ta ga na daina cin abinci, wata la'asar ta ɗauki sandarta.

"Tashi mu je wurin Liman. Tare muka yi wasan ƙasa, ba zai cinye ni ba."

Muka same shi a zaurensa. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi, Kaka ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba.

"Malam, jikata ce ta ƙera jakin ƙarfe, tana neman wurin kiwo."

"Na ji labarinsa," in ji Liman. "Wanda ya yi wa Baffanta aski ba a sa shi ba."

"Ai ta yi masa magani."

"Kin tabbata ya warke, 'yata?"

Ni yake tambaya. Na so in ce abin da nake so in sani ke nan, shi ya kawo mu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ban sani ba, Malam."

Ya jinjina kai. Ya ce ciyawar filin ta ladan ce, ita ce ɗan abin da gari yake saka masa da shi, da ita tumakinsa suke kai rani. Injin kuma niƙe ta yake yi, ba a ɗaure abin da ya bari dami. Ya ce a hagun filin gyaɗar marayu ce, in aka yi irin ta ranar nan wa zai tsaya?

Na matso kusa da Kaka na raɗa mata cewa kafin gero ya nuna za a kira mu. Ta faɗa masa da ƙarfi, har ta ƙara da cewa in yarinyar nan ta faɗi, shekara guda ce ta tafi.

Liman ya ja carbinsa. Ya dube ni da tausayi, na ga da gaske yana neman abin da zai ba ni.

"Ki yi haƙuri a yi girbi, 'yata," ya ce. "Da an kwashe amfanin gona, duk ƙasar nan taki ce, ki kai shi inda kike so."