Dubu da Ɗayar Kawu

Yau ina rabon goron suna sai ɗaya ya yi saura. Nan take na tuna Kawu, ƙanin Inna.

Zamanin mulkin Jamus ne, a garin Garwa. Aka jibge damin dawa dubu da ɗaya, unguwanni bakwai su ɗauka daidai. Wani soja ya ce in an sami saura yayana za a ɗora wa, ya bi ayarin 'yan dakon da ba su cika dawowa ba.

Inna ta fashe da kuka: "Ko biyu ba ta rabuwa!"

Kawu ya tsuguna yana zane a ƙasa, zufa na ɗiga daga gemunsa. Can ya ɗago ya dubi Inna. "Yi shiru, Yaya. Ta ƙi biyu, amma ba ta ƙi bakwai ba. Ɗari da arba'in da uku-uku."

A gida yayana ya tsufa.

Allah Ya sauƙaƙa wa Kawu nasa hisabin.