Kwalin Kaset Daga Jidda

Shekarun baya can, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Tudun Wada ta Minna, na kusa jawo wa mahaifiyata asarar da ba zan taɓa iya biyan ta ba, kuma ba komai ya jawo ba sai taurin kaina. Waɗanda suka san ni yanzu suna cewa ina da sanyi. To, da ba haka nake ba.

Mahaifina tela ne, ya yi shekara shida yana ɗinki a Jidda. Bai yi boko ba, mahaifiyata ma haka, don haka wasiƙarsu kaset ne: ya zauna gaban rikoda ya yi magana, ya ba alhazai su kawo. Sai ciwo ya kama shi ba a lokacin aikin hajji ba. Ya ga ba zai iya jira ba, ya sa aka aiko ta wani kamfani mai kai saƙo ta jirgi. Labarin rasuwarsa ya riga saƙon isowa. Wanda ya bugo waya gidan maƙwabcinmu ya ce, "Ya yi muku kaset kwana huɗu kafin ya cika, yana hanya."

Daga ranar mahaifiyata ba ta da wata tambaya. Tana zaune a ɗaki tana takaba, ko sallama na yi sai ta ce, "Ya iso?"

Bayan mako uku aka kawo min takarda makaranta, wai in zo ofishin kamfanin kusa da kasuwa. Na je na tarar da wata mata mai tabarau, 'yar Paiko, ita ke riƙe da wurin. Ga kwalin a kan wata kanta a bayanta, har ina hango sunana a jiki. Ta turo min takardar biya: harajin kwastam naira ashirin, don kaset goma sha tara ne a ciki, sun ɗauke su kayan sayarwa. Ƙasa da shi kuma, kuɗin ejan da ya fito da kayan a filin jirgin Kano, naira talatin da biyar.

Na ce, "Madam, ta yaya ladan ɗan aike zai fi harajin gwamnati? Ni na ce ya fito min da kaya?"

Ta ce, "Malam, ni ba kwastam ba ne, ni ba ejan ba ne. Kamfani ya riga ya biya a Kano. Ka biya, ka dauka."

Kuɗin fa ina da su, domin an yi albashi. Amma na riga na hau dokin zuciya. Na buga kantar, na ce wannan sata ce da biro, na ce haraji zan biya amma ko kwabo ejan ba zai gani ba, na ce sai na kai su kotu. Ni da ban taɓa sanin inda ƙofar kotu take kallo ba. Ta ce cikin sanyi, kwana goma sha huɗu suke ajiye kaya, daga nan a mayar Kano, daga Kano a mayar wa wanda ya aiko. Na fita ina huci, ban ma tsaya na tuna wanda ya aiko yana kabari ba.

Na dawo gida, ta ce, "Ya iso?" Na ce, "Tukuna, Inna." Haka na yi ta faɗa kullum, ina rubuta wa kamfanin wasiƙun ƙorafi da Turanci mai kauri, ina jiran su tsorata. Ba wanda ya amsa.

Ranar kwana na goma sha huɗu na dawo makaranta da azahar, na tarar da ita tsaye a tsakar gida da mayafi, takardar biyan nan a hannunta. Ta gan ta a aljihun rigata wajen wanki, ta aika maƙwabciya ta karanto mata.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Yau suka ce za su mayar?"

Na ce, "Inna, zalunci ne, ina so ne su gane..."

Ta ce, "Miƙo min takalmina. In Allah ya tambaye ni dalilin fita cikin takaba, zan ce ɗana ne ya sa."

Ban san lokacin da na karɓi babur ɗin maƙwabcinmu ba. Na isa ofishin, na duba kan kantar, babu kwali.

Matar ta dube ni ta saman tabarau. "Lauyanka fa, Malam?"

Na zube mata kuɗin, har da na ajiya da ya ƙaru a kai, na ce, "Madam, ki yi min rai. Muryar babana ce a ciki, ya rasu. Babu wata."

Sai ta ce, "Me ya sa ba ka fada tun farko ba? Mota ya tafi da shi, ya kai minti ashirin." Ta yi rasit da sauri, ta rubuta wa direban takarda ta buga hatimi. "Yana tsayawa Beji sayen doya. Idan ya wuce Beji, ni ba ni da iko kuma."

Ban taɓa gudu a babur irin na ranar ba. Duk farar mota irin ta kamfanin da na hango sai in ƙara wuta, in matso in ga ba ita ba ce. Na shiga Beji na tarar direban ya gama loda doyarsa, ya tada mota. Na sha gabansa ina ɗaga takarda kamar mahaukaci. Ya zage ni son ransa, ya karanta, ya sauko ya yi ta jan buhuna har ya zaro kwalin daga can ƙasa.

A gida muka buɗe. Ashe ɗaya ne kawai namu. Sauran goma sha takwas na 'yan Minna ne da ke aiki a Jidda, suka ji zai aika suka haɗa nasu. Gidaje goma sha takwas na tsare wa saƙo mako biyu ina taƙama da sanin haƙƙina.

Mahaifiyata ta ce in sa. Muryarsa ta fito a raunane, yana tsayawa yana tari. Ya gaishe ta, ya nemi gafararta, ya faɗi inda keken ɗinkinsa zai je. Tana ta share hawaye da bakin mayafi. Can wajen ƙarshe ya kira ni.

"Kai kuma, an ce min a nan wataƙila su nemi wasu kuɗi kafin su ba ka. Na san halinka. Kada ka tsaya musu da su, ka biya kawai ka kai wa uwarka."

Mahaifiyata ta juyo. Kallona kawai ta yi, ta miƙa hannu ta mayar da kaset ɗin baya kaɗan, ta sake sa wurin.

Har gobe ina ganin kuɗin ejan nan ya yi yawa, ba zan ɓoye muku ba. Amma duk sanda na ji raina ya fara tafasa a gaban wata kanta, sai in tsaya in tambayi kaina me ke cikin kwalin, kuma wa ke zaune a gida yana jira. Umarnin ƙarshe da mahaifina ya ba ni ke nan a duniya, kuma na saɓa shi kwana goma sha huɗu tun kafin in ji shi.