Tambaya Mai Wankan Jego da Kaciyar Mudassiru

A Unguwar Ɗinya, ƙauyen da ke bakin babban kanal na ban-ruwa tsakanin Kura da Bunkure, da wuya a samu matar da ta haihu ba ta bi ta hannun Tambaya ba. Ita ce mai wankan jego. Gajeriya ce kakkaura, ta ba sittin baya, tana da wushirya, in ta yi dariya a ƙuryar gida ana jin ta a zaure. Uwarta ta daɗe ba ta haihu ba, ta yi ta yawon tambaya wurin malamai kafin a same ta, daga nan sunan ya fito.

Da sassafe take isa gidan mai jego. Ta hura wuta da ɓuntun shinkafa da karyayyun kwandunan tumatir, abubuwan da ba sa yankewa a ƙasar noman rani. Ta tafasa ruwa, ta tsoma ganyen darbejiya, ta fyaɗa wa mai jego har jiki ya gasu. Da yamma ta dawo ta maimaita, haka har a yi arba'in. Wurin uwarta ta koya. Tun da ma'aikatan asibiti suka yi ta jan kunne ta rage zafin ruwan, ta rage kanwar kunu, ko da yake tana cewa ruwan wankan yanzu ko kaza ba zai fige ba.

Tana da aiki na biyu wanda ba wanda ya naɗa ta, amma kowa ya ci moriyarsa. Tambaya ba ta riƙe magana. Garin ya daɗe da gane haka, ya kuma mayar da abin hanya. Wanda akuyar maƙwabci ke cinye masa irin albasa, kuma yana jin nauyin faɗa, sai ya sa matarsa ta ja Tambaya gefe ta ce, "Tsakanina da ke, kada kowa ya ji." Kafin la'asar an ɗaure akuyar. Da haka ake sanar da cewa wane zai sayar da injin ban-ruwansa, ko wance ta gama idda. Ba a ji kunya ba, ba a yi faɗa ba, saƙo ya isa.

A bara ne abin ya tashi lalacewa. Tambaya ta shiga Islamiyyar matan aure da girmanta. Wata rana Malama tana bayani a kan amana, ta ce wanda aka gaya wa magana aka ce ya riƙe, to kaya ne aka ba shi ajiya. Ba ta ambaci sunan kowa ba, amma ajin gaba ɗaya ya juya ya dubi Tambaya, har da wata kurma da ke zama a baya. Tambaya ta miƙe, ta gyara hijabi, ta rantse a ranta cewa sirri na gaba da za a ba ta, da shi za a binne ta. Ba ta gaya wa kowa ta yi wannan rantsuwa ba. Wannan shi ne sirrinta na farko, kuma shi ya jawo rikicin.

A makon ne aka kira ta gidan Alhaji Sammani, babban manomin tumatir, wanda yake taubashinta ne, ɗan goggonta, don haka tana da ikon zolayarsa a gaban kowa. Surayya, matar ɗansa Mustapha, ta haifi ɗanta na fari, aka sa masa Mudassiru. Ana gama cin naman suna gardama ta tashi a zaure kan kaciyar yaron.

Mustapha, mai gyaran injinan ban-ruwa, ya ce yanzu za a yi, a asibitin Kura. Wata 'yar roba ake sa wa, ta faɗi da kanta, kayan aiki a tsabtace, jariri kuma ya fi saurin warkewa. Alhaji ya ce sai yaro ya kai shekara bakwai, lokacin sanyi, tare da sa'o'insa, a hannun wanzamin gidan.

"Mu da aka yi mana da wayonmu, me ya same mu?" in ji Alhaji. "An gaya mana, mun sani, mun yi kuka, mun ci kaza. Wannan fa, ko kunu bai fara sha ba. In ya ji ciwo da wane bakin zai faɗa?"

"Baba, ai amfanin ke nan. Ba zai tuna ba."

"Don ba zai tuna ba? To ni ma bari in yi barci ka zo ka yanke mini kunne."

Fa'iza, ƙanwar Mustapha da ke karatun aikin jinya a Kano, ta leƙo daga ƙofar cikin gida ta ce a wasu ƙasashen ma gardamar da ake yi ita ce a bar yaro ya girma ya zaɓa da kansa.

"Ya zaɓa?" Alhaji ya kama haɓa. "Tara yaran garin nan ki ce mai so ya ɗaga hannu. Kafin ki rufe baki sun gudu har garin Kadawa."

Aka kira liman. Ya ce malamai sun yi magana a kan duka biyun, sannan ya tuna yau ranar ban-ruwansa ce a lambu, ya nemi takalmansa.

Duk wannan ana yi, mutum ɗaya da ta san abin da ya kamata a sani ba ta da bakin faɗa. Surayya 'yar wani ƙauye ce bayan Dawakin Kudu, mahaifiyarta ta rasu, shi ya sa ba ta je wankan gida ba. Tana ƙarama aka yi wa yayyenta biyu kaciya. Abuzar jini ya ƙi tsaya masa, ya rasu. Ibrahimu sai da aka ƙara masa jini a asibiti. Danginsu suka ce hannun wanzami ne, aka rufe zancen. Ranar sunan Mudassiru kuwa aska ta ɗan karci kansa wurin aski, ɗan wurin ya yi ta tsattsafo da jini har yamma. Mata suka danna auduga suka ce ba komai. Surayya ta gani, ta tuna Abuzar.

Ta gaya wa mijinta sau ɗaya. Ya ce, "Kin gani ko? Shi ya sa na ce asibiti." Waɗanda za su iya dakatar da shi su ne Alhaji da matarsa Hajiya Mairama, a gabansu kuwa uwar ɗan fari ba ta nuna ta san ta haihu. Ba ta faɗin sunan yaron. In yana kuka a gaban surukai sai ta dubi bango. Da suka ga idonta ya yi ja, suka ce Allah sarki, yarinya mai kunya.

Sai ta bi hanyar da kowa ke bi. Wata safiya a bayan zana, tururi na tashi, ta kama hannun Tambaya ta zayyana mata komai, tun daga Abuzar har kan askin suna. Ta rufe da cewa, "Goggo, tsakanina da ke. Kada kowa ya ji."

Tambaya ta ajiye ganye, ta dafa ƙirji. "'Yar nan, kin zo daidai. Ko da wuƙa a wuya."

Surayya ta yi ajiyar zuciya, ta zauna jiran la'asar.

Mutanen Unguwar Ɗinya har yau suna ba da labarin kwanakin da suka biyo baya. Tambaya ta daina bin gada, inda ake lodin tumatir kuma ake tare ta da hira, ta koma zagayawa ta kan kunyoyin shinkafa, ta isa gidan jego da laka har gwiwa. In aka gaishe ta sai ta cusa goro a baki ta ɗaga hannu. Mijinta Badamasi ya ɗauka haƙori ne, ya sayo mata kanumfari. Wata maƙwabciya ta ce iska ce, ta kawo hayaƙi. A zauren Alhaji ne abin ya fi tsanani, don kullum ta zo wucewa gardamar ake yi.

"Ke Tambaya, faɗa wa yaron nan gaskiya," Alhaji ya ce da ita wata rana. "Yau kuma wa ya ɗinke miki baki? A faɗa mini in yi masa kyautar kwando guda."

Ta buɗe baki, ta rufe, kumatunta suka kumbura, ta shige cikin gida da gudu. Alhaji ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Surayya na ta saurare. Ba wanda ya canja fuska, ba wanda ya zo da tambaya. Ta ce a ranta ƙila ana shawara ne a ɓoye. A nan Mustapha ya gaji da gardama, ya shawo kan mahaifiyarsa, suka tsayar da ranar Alhamis, lokacin da Alhaji zai shagala da lodi a gada. Hajiya ce za ta riƙe jaririn a bayan babur, tunda uwar ɗan fari ba ta rakiya irin wannan.

Safiyar Alhamis Surayya na kan turmin wanka ta ji an tayar da babur a ƙofar gida.

"Goggo, wai har yanzu ba wanda ya ji zancen nan?"

Tambaya ta washe wushirya. "Wallahi ko Badamasi! Kin ga na rame? Riƙon amana ne."

"Na shiga uku! Goggo, duk matan garin nan, me ya sa kike ganin ke na zaɓa?"

Tambaya ta tsaya da ganye a hannu, ruwa na ɗiga. Ta dubi Surayya, ta dubi ƙofa.

"Au! Irin waccan 'kada kowa ya ji' ɗin ce?"

"Akwai wata iri ne?"

"To kin sake ni? Faɗa da bakinki, akwai rantsuwa a kaina."

"Na sake ki, Goggo, don Allah yi sauri!"

Waɗanda suka gani sun ce ba su taɓa sanin tana da gudu ba. Zani a jiƙe, takalmi ƙafa ɗaya, damin darbejiya a sama kamar tuta. Allah ya taimaka motocin tumatir sun cushe gada, babur ɗin Mustapha ya maƙale tsakanin kwanduna, Hajiya a baya da yaro a rungume. Alhaji na kan gadar yana duba lodi, yana ganin matarsa da jariri ya gane an zagaye shi, ya ɗaga murya zai fara faɗa. Muryar Tambaya ta danne tasa.

"Angon ƙarni, kashe babur ɗin nan! Kai ma Sammani rufe bakinka, yau ranata ce!"

Ta faɗi komai a tsaye, tana haki, a gaban direbobi da 'yan dako da masu sayen tumatir daga kudu waɗanda ba su san kowa a zancen ba. Ta faɗi Abuzar, ta faɗi Ibrahimu, ta faɗi askin suna. Da abin ya ɓalle mata sai ta zarce, ta haɗa da cewa injin ban-ruwan da wani direba ya saya jiya tsoho ne aka yi wa fenti. 'Yan dako suka fashe da dariya saboda injin. Hajiya Mairama ba ta yi dariya ba. Ta zame hular jaririn ta dubi tabon askin, ta sauko daga babur.

"Me ya hana Surayya ta faɗa mini?"

"Ke kin faɗi sunan Mustapha a gaban uwar Sammani?" in ji Tambaya.

Hajiya ta mayar wa jaririn hularsa. Duk da haka an je Kura a ranar, amma a motar wani direba, da Alhaji a gaba. Ma'aikacin asibitin da ya ji labarin yayyen Surayya bai taɓa yaron ba, ya tura su babban asibiti a Kano. Gwaji ya nuna jinin Mudassiru ba ya daskarewa da wuri. Likita ta ce ciwon ta wajen uwa yake biyowa, maza yake kamawa, kuma ba laifin kowa ba ne.

A hanyar dawowa Alhaji ya gyara zama ya ce ai ya faɗa a jira. Mustapha ya ce in ba don asibiti ba wa zai gano. Hajiya ta tuna musu abin da likitar ta ce a gabansu duka: da robar da askar, yanzu ko nan da shekara bakwai, duk hatsari ɗaya ne ga wannan yaron. In lokaci ya yi a can za a yi, bayan an ba shi maganin da ke tsayar da jini. Ba cire belun wuya, ba tsaga, ba ƙaho.

Tambaya ta kai Surayya arba'in. Washegari ta hau mota da kanta zuwa ƙauyen su Surayya, don likitar ta ce a sanar da dangin uwa, kuma garin bai ga wanda ya fi ta dacewa ba. Ta dawo da Ibrahimu, magidanci mai 'ya'ya, wanda ya daɗe yana fama da kumburin gwiwa yana shan maganin sanyi. Shi ma aka gwada shi, ya san sunan abin da ke damunsa. 'Yan'uwan Surayya mata biyu masu ciki sun ce a Kano za su haihu.

Mudassiru yanzu ya fara rarrafe. Ba a sa ranar kaciyarsa ba tukuna. Hajiya Mairama ta ɗinka masa 'yan matasai na auduga da ake ɗaura masa a gwiwa, Alhaji kuma ya sa an kwashe duk garmunan da ke jingine a tsakar gida an kai su bayan rumbu.