Lambar da Mama Ta Rubuta a Ƙofa

Da Baba ya rasu a bakin aikin soja, aka ba mu wa'adi mu bar bariki. Muka dawo Zuru, ni da Mama da akwatinsa na ƙarfe da wata takarda ta gwamnati. Takardar ta ce za a riƙa biya wa matar marigayi kaso mafi tsoka na kuɗin haya, ita ta cika sauran. Ba don takardar ba, da sai gidan kawu a ƙauye, karatuna kuma ya ƙare ke nan.

Mama ta samu ciki da falo a gidan wani tsohon manomi, da bishiyar gwaiba a ƙofa. Sai ma'aikacin ofishin da ke biyan kuɗin hayar ya maido mana da fam ɗin da muka cika, wai ba mu cika gurbin lambar gida ba. A wurinsa, gidan da ba shi da lamba ba gida ba ne, ko da kana zaune a ciki.

Mai gidan ya ce, "Lambar mi? Gidan ga kowa ya san shi. Ku ce mai gwaiba."

Mama ba ta yi boko ba, amma akwai lamba ɗaya da ta sani kamar sunanta, wato lambar Baba ta soja da ke jikin akwatin. Ta roƙo ragowar fenti a wani shago, ta ja akwatin zuwa ƙofa, tana dubawa tana kwaikwayo, har ta zana lambobi ukun ƙarshe a karkace. Ma'aikacin ya zo a babur, ya duba, ya rubuta, ya tafi.

Shekara shida muka yi a nan, har na gama sakandare. In na dawo daga makaranta na hango lambar, sai in ji kamar Baba ne tsaye yana jirana. Maƙwabta kuwa suka ɗauka gwamnati ce ta fara raba lamba, kowa ya ɗora tasa daga tamu, na dama da na hagu.

Daga baya mun tashi daga gidan; bara na koma, bayan rasuwar Mama. An sayar da gidan, an rushe, an sare gwaibar. Kewa ta kama ni sosai. Na bi layin ina karanta ƙofofin maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, lambobinsu duk suna nan a jere. Ta Baba ce kawai babu.