Karen da Ya Guji Sunansa

A ƙauyenmu na bayan Doguwa, idan masara ta fara nuna, maza sukan tare a gona saboda birai. Gida sai ya rage daga mata sai mu yara. Da an idar da magariba muke cika ɗakin kakarmu, Inna Delu, tana gasa mana masara a kasko, hayaƙi yana cin idanunmu. Ta tsufa ƙwarai a lokacin, ko buɗe tatsuniya ba ta ja da tsawo. Sai dai ta ce, "To, ga ta nan. Wanda ya yi gyangyaɗi na cinye rabonsa." Alhali haƙori biyu suka rage mata.

Wata rana ta ba mu labarin wani manomi da karensa Baƙin-baki. Kare ne mai aiki, amma da ɓarna: yau ya kori kaji, gobe ya sa baki a tukunya. Manomin ba ya iya kamo shi da gudu, sai ya samo dabara. Ya ɓoye sanda a baya, ya riƙe ƙashi, ya tausasa murya yana kiran sunansa. Karen na zuwa yana kaɗa wutsiya, sai ya rufe shi da duka. Haka aka yi ta yi. Ran nan manomin ya bi birai kan dutse, ya zame ya faɗa wani rami, ƙafa ta karye. Ya hango karen yana leƙensa daga sama. Ya kira shi don ya tsaya ya yi haushi mutane su ji. Karen na jin sunansa ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu ya shige daji. Sai bayan kwana biyu masu itace suka tsinci mutumin.

Na ce, "Butulu ne!"

Inna ta dube ni ta ce, "Ji mijin nawa, baki duk gawayi yana yanke hukunci. Sale, kare bai san ya ci kaza da safe ba. Abin da ya sani, an kira shi, ya zo, an doke shi. Me kake so ya koya?"

Na girma, na gaji gonar, na gaji biran. Na karɓi wani kwikwiyo a rugar da ke kusa da mu, na sa masa Duna. Ban manta tatsuniyar ba, ban dai ga kaina a cikinta ba. Mutum ya dawo daga noma a gajiye, maƙwabci ya tare shi da cewa karenka ya kori awakina. Sai in kira Duna, ya zo, in zabga masa tsumagiya. Ban san sau nawa ba.

Daminar bara Duna ya dawo, wayar tarkon mafarauta ta shaƙe masa ƙafar gaba. Na kira shi in cire, ya ja ƙafar ya shige cikin masara. Na bi shi ina kira, yana ƙara nisa. Ƙafa tana kumbura, ƙudaje sun fara binsa. Matata ta ce, "Malam, don Allah ka daina kiransa. Kai kake korarsa."

Na koma na zauna a ƙasa a bakin gona, na ba shi gefe, ba na kallonsa, na ajiye tuwo a sakaina kusa da ni. Kwana uku ina haka, aiki yana jirana. Ran na huɗu ya matso, ya ci, ya kwanta. Na ɗora hannu a wuyansa. Shekara shida muna tare, ranar ce hannuna ya fara taɓa shi babu tsumagiya.

Na kai shi wurin malamin dabbobi a Tudun Wada, ya duba ya girgiza kai. "Baba, da ran farko ka kawo shi, da wankewa kawai za a yi." Dole aka yanke ƙafar.

Da ina zaton haƙuri shi ne ka jure wa dabba. Ashe akwai wanda ya fi shi wuya: ka zauna ka jira ta daina tsoron da kai ka koya mata. Yanzu Duna yana bina gona da ƙafa uku, a hankali, ni ma gwiwoyina ba sa son sauri. Ban sake kiran sunansa ba. Gyaran murya nake yi, sai ya taso.