Ranar da Na Riga Yaya Isa Wurin Suna

Ana sallame sallar asuba muka bar Haɗejiya da mota biyu, za mu wani ƙauye gaba da Guri inda matar ƙaninmu ta haihu, ranar ce suna. Tunda mahaifinmu ya rasu Yaya ne uba a gidanmu, shi ƙanin namu ya bar wa zaɓen sunan yaron, shi kuwa ya ja bakinsa ya tsuke, bai faɗa wa kowa ba. An kuma gargaɗe mu cewa mutanen can ba sa jira. Lokacin noman rani ne, da bakwai ta gota kowa zai nufi fadama ban ruwa, har liman.

Yaya yana cikin tsohuwar a-kori-kurarsa mai shan dizal, ragon suna ɗaure a baya. Ni kuwa ina tuƙa mota mai aiki da lantarki ta wani abokina da ya zo daga Kano, shi yana gefena, goro da dabino a kujerar baya. Kwana biyu ke nan muna musu da Yaya kan wadda ta fi gudu. Aiki ɗaya aka ɗora mini: in tsaya a wata mararraba kafin Guri in ɗauki Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, domin gwiwarta ba ta barin ta hawa mota mai tsawo.

Ban taɓa tuƙa abu mai zafin nama irin wannan ba. Babu canjin giya, babu jira. Da na taɓa totur sai na ji bayana ya manne da kujera, kafin Yaya ya saka giya ta biyu na bar shi yana fama da hayaƙinsa. Na yi dariya har abokina ya ce in dubi gabana.

Dariyar ba ta daɗe ba. Da muka fita gari titi ya miƙe, sai na fara hango fitilunsa a madubi. Ita dizal sai ta yi nishi kafin ta kama hanya, amma in ta kama ba ta san gajiya ba. Na kai ɗari da ashirin, abokina ya nuna mini lambar caji tana sauka kamar ana tsiyayar ruwa daga tulu. Ya tuna mini babu inda za mu sa caji sai mun dawo gida, dole na koma casa'in. Yaya ya zo ya wuce ko kallona bai yi ba. Ragon ne ya kalle ni, kuma wallahi na ji haushin kallon.

A yankin Kirikasamma gari ya fara wayewa. Ruwa hagu da dama, ciyawar kacalla ta cinye rabinsa, masunta suna tura kwalekwale ta 'yar hanyar da suka sare, injinan ban ruwa tuni sun fara aiki a gonakin shinkafa. Mun wuce mata suna suyar ƙosai a bakin titi, abokina ya roƙi mu tsaya, na ƙi. Zuciyata tana kan bayan motar Yaya.

Da muka shiga jerin ƙauyuka sai sa'a ta dawo mini. Ramuka, da tudun rage gudu a ƙofar kowane gari. Duk inda aka rage, sai Yaya ya sake lallaɓo giya daga ƙasa, ni kuwa sai dai in zabura. A tudu na uku na sha gabansa, na ɗaga masa hannu, na ba ta wuta. A cikin wannan murnar na wuce mararrabar ban ma gan ta ba. Daga baya na ji cewa Gwaggo tana zaune a gindin bishiya da ƙullin kayanta, ko kai ba ta ɗaga ba, don ba ta ji wucewar komai ba.

Bakwai saura muka isa. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza sun cika. Na fito ina baza kafaɗa, ƙaninmu ya tarye ni ya leƙa cikin motar.

“Ina Gwaggo? Ina Yaya?”

Sai a lokacin na tuna da mararrabar. Na ciro waya, babu sabis ko ɗigo. Muka raba goro da dabino don a riƙe mutane, aka ci aka cinye, hanya shiru. Na kasa zama, in je bakin hanya in dawo. Mutane suka fara duban rana, wasu suka jawo takalma. Liman ya ce yau ce ranarsa ta ruwa a injin da suke karɓa-karɓa, in ta wuce sai wani makon, don haka uban yaro ya faɗi duk sunan da ya sawwaƙa a yi addu'a. Ƙaninmu ya dube ni idonsa ya yi ja. Na durƙusa na ce, “Allah gafarta Malam, a ƙara mana kaɗan, laifina ne.” Duk da haka ya fara naɗe buzunsa.

Sai wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce a saurara. Can nesa, ta kan ruwa, muka ji rurin injin.

“Motar babban wanku ce,” in ji shi. “Na san muryarta.”

Liman ya warware buzu ya zauna. Sai da aka yi kusan minti goma kafin motar ta bayyana, Gwaggo a gaba fuska a murtuke. Ashe Yaya ne ya gan ta a mararrabar ya tsaya, sai da ya shiga gidan mutane ya aro turmi ta taka kafin ta iya hawa. Ya wuce ni ya je ya sunkuya a kunnen liman. Da aka ɗaga murya aka faɗi sunan, na mahaifinmu ne. Na sunkuyar da kai hawaye suka zubo mini, na murna da na kunya a haɗe.

Bayan an yanka rago Gwaggo ta kira ni gefe. “Da an raɗa wa yaron nan wani suna saboda wasanka,” ta ce, “da ban san da wane ido zan sake kallonka ba.”

Da la'asar muka juyo, ita tana motarmu, muna tafiya sittin saboda cajin da na ƙona da safe. Ga masu tambayata sakamakon musun: a tashi, mai lantarki ba ta da na biyu, a dogon zango kuma inda babu wurin caji, dizal ce. Amma ni abin da na koyo bai shafi inji ba. Na riga kowa isa, ba tare da ko ɗaya daga cikin mutum biyun da ake jira ba.

Yaya yana bayanmu tun daga ƙauyen. Sau uku ina fito da hannu ina yi masa alamar ya wuce, ya ƙi. Sai a ƙofar gida ya gaya wa abokina cewa ya ji tsoro ne kada cajin ya ƙare mana a hanya.